Jan Garmahon Kawu Rachidou

Duk wanda ya saba bin ɗan layin da ke bayan babban titin Guillotière, a birnin Lyon, ya san shagon Mu'awiya ko da bai taɓa leƙawa ba. Ƙamshin kafe, wato gahawa, ne ke fara tarar mutum tun daga bakin hanya, sannan wani kiɗa mai ɗan ƙas-ƙas, irin na faifan garmaho da ya sha juyi. Cikin shagon ba faɗi. Tebura ne 'yan ƙanana, da kujerun da ba a samun biyu masu kama da juna, da akwatunan katako cike da tsofaffin fayafayai jere a jikin bango. Bisa kantoci kuwa ga agogunan da suka daina tafiya, ga fitilun ƙwai, ga dutsen guga na gawayi, ga tangaran na tsofaffin matan Faransa da jikokinsu ba su so. Duk abin da mutum ya zauna a kai ko ya sha a ciki na sayarwa ne in ya matsa. An taɓa sayen kujera wani tsoho na zaune bisanta yana karatun jarida, aka jira ya gama sannan aka ɗauka.

Mai shagon ɗan Maradi ne, dogo siriri, furfura ta fara cin gemunsa. Ba shi da yawan magana, amma ya san yadda kowa ke son kafensa, kuma ba ya korar ɗalibin da ya sayi kofi guda ya wuni a kai. A unguwar ana yi masa shaidar mutumin kirki. Shi kuwa in ya ji ana faɗin haka sai ya nemi abin gogewa ya kama gogewa, don ya san wani abu game da kansa da su ba su sani ba. Akwai lambar da in ta fito a wayarsa yakan kife wayar bisa kanta, ya bar ta ta yi ta ruri har ta gaji. Lambar ta Saint-Denis ce, can arewacin Paris, gidan kawunsa Alhaji Rachidou.

Alhaji Rachidou ƙanen mahaifiyarsa ne, kuma shi ya kawo shi Faransa. Lokacin Mu'awiya ya bar lakwal, wato makarantar boko, yana gyaran rediyo a wata rumfa kusa da tashar motar Maradi, aikin da ko abin sabulu ba ya kawowa kullum. Kawu ɗan kasuwa ne. Yana sayen tsofaffin firji da kekunan ɗinki da tayoyi, ya cika kwantena ya aika gida ta Kwatano. Shi ya ba Mu'awiya doguwar kujerar falo ya kwana a kanta shekaru, ya bi masa takardun zama ofis-ofis, ya koya masa hawan metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da duban Bature cikin ido in ana ciniki. Matarsa Hajiya Mariama ba ta taɓa bambanta kwanon Mu'awiya da na 'yarsu guda ɗaya, Mutmainna, ba.

Akwai kuma abin da ke tsakaninsu su biyu. Kafin ya je Makka, Kawu mutum ne mai son kiɗa ƙwarai. Da ya zo Faransa yana saurayi, ya yi dako a tashar jiragen ruwan Marseille, kuma abin da ya fara saya wa kansa garmaho ne, irin mai kama da 'yar akwatin tafiya, ja, wanda ake buɗe murfinsa murya ta fito daga ciki. Da ya zama Alhaji, ana barin masa wuri a sahun gaba, sai ya naɗe shi da tsohon zane ya ɗora can bisa kabad. Ranar Lahadi, in Hajiya ta ɗauki yarinyar sun tafi suna ko biki, sai ya dubi ƙofa ya ce, "Mu'awiya, sauko mana da mutuminmu." Su dafa kafe mai ƙarfi a 'yar tukunyar ƙarfe, su rage murya, Kawu ya miƙe ƙafafu ya lumshe ido yana kaɗa babban yatsa. Kiɗan Kongo, kiɗan Kuba, da na wasu makaɗan gida da aka ɗauka tun ba a haifi Mu'awiya ba. Bisa murfin garmahon akwai wani baƙin zagaye, inda Kawu ya taɓa dire tukunyar kafe da zafinta ranar da ya ji motsin makulli ya zaci Hajiya ce. Hajiya kuwa ta sani sarai. Ita ce ma ke kakkaɓe ƙurar zanen.

Daga baya kasuwa ta juya. Kayan Sin suka cika kasuwannin gida, sababbi kuma masu sauƙi, ba mai waiwayar tsohon firjin Faransa. A shekarar da abin ya fi tsanani Hajiya Mariama ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Cikin wannan shekarar ce kuma aka yi wa Mu'awiya tayin aiki a Lyon, wajen wani Balarabe mai suna Ilyes, wanda sana'arsa kwashe kayan gidajen da masu su suka mutu ko aka kai su gidan tsofaffi. Mu'awiya ya daɗe yana juya maganar a ransa. Da ya faɗa wa Kawu, rabin zuciyarsa na fatan ya hana shi. Kawu bai hana ba. Ya raka shi har tashar jirgin ƙasa, ya riƙe masa jaka, ya ce masa Lyon ba nisa, ya je ya nemi nasa. Da jirgi ya motsa, Mu'awiya ya leƙa ta taga ya gan shi tsaye cikin doguwar kwat bisa babbar riga, Mutmainna, wadda lokacin ko lakwal ba ta gama ba, na riƙe da hannunsa.

Lyon ta karɓe shi. Wajen Ilyes ya koyi bambanta katakon kirki da na banza, ya gane cewa abin da magada ke zubarwa wani na neman sa ido rufe. Hannunsa na gyaran rediyo ya yi masa rana, don duk garmahon da aka jefar yakan tashe shi. Ya auri Halimatou, 'yar Tahoua da ke dafa abinci a wata makarantar yara, mace mai faɗin gaskiya ba tare da ɗaga murya ba. Da suka ɗan tsaya da ƙafafunsu ya kama wannan shagon, wanda a da wurin gyaran takalma ne, ya sa injin kafe a gaba, kayan da ya tara a baya.

Zuwa Paris kuwa, da fari duk wata ne. Ya koma sallah-sallah. Ya koma waya. Wayar ma ta koma gajera, don duk sanda Kawu ya ce, "Yaushe za mu gan ka?" sai Mu'awiya ya ji kamar an ɗora masa dutse, ya ce in sha Allahu an kusa. Ba faɗa suka yi ba, ba wanda ya ɓata wa wani. Kunyar rashin zuwan jiya ce ke hana shi zuwan yau, haka abin ya yi ta taruwa har ya zama ba ya iya jin muryar tsohon.

Ana nan wata rana da rani Mutmainna ta aiko masa da saƙon murya. Baba ya faɗi a hanyar masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Mu'awiya ya kira, ya yi addu'a, ya ce yana tafe. Bai tafi ba. Bayan asibiti aka kai Kawu wani gidan tsofaffi a nan Saint-Denis, don Mutmainna na aiki a kantin magani, ga 'ya'ya ƙanana, ga gidanta bene ne mai hawa da yawa. Da sanyi ya fara shigowa ta sake nemansa. Ta ce masu gidan da Baba ke haya suna son makullinsu, ita kuma ba ta san inda za ta kai kayan ba, shi kuwa wannan aikinsa ne.

Ya ari motar kayan Ilyes ya kama hanya tun da asuba. Gidan na nan yadda ya san shi, har doguwar kujerar da ya kwana a kai, sai dai ta lotsa a tsakiya. Ya yi aikin yadda yake yi a gidajen baƙi, da sauri, ba tare da tsayawa kallon komai ba: wannan na zubarwa, wannan na sadaka, wannan na ɗauka. Mutmainna ta ware hulunan babanta da Alƙur'aninsa da kwanonin mamarta, ta ce sauran ya yi yadda ya ga dama da su. Da ya hau kujera ya miƙa hannu bisa kabad, ya taɓo zanen, bai buɗe ba. Ya rungumo shi tare da fayafayan ya kai mota.

Da suka gama tana kulle ƙofa ta ce masa gidan da Baba yake ba nisa, da ƙafa ma ana zuwa, kuma ana barin baƙi har maraice. Ya dubi agogo. Ya ce motar ta aro ce, mai ita na jira, hanya kuma da tsawo; zai dawo musamman, ba a gurguje ba. Ta dube shi ta ce, "To, Yaya. Allah ya kiyaye hanya."

Ilyes ba ya jiran motar. Tsoro ne kawai. Mu'awiya bai san yadda zai tsaya gaban mutumin nan ba, bayan duk shekarun nan, ya gan shi a karkace bisa keken guragu. A kan babbar hanya ya ratse wani wurin hutawar matafiya, ya kashe mota, ya zauna hannuwansa bisa sitiyari. Zaman da ya yi a wurin ya fi ƙarfin lokacin da gaisuwar za ta ci.

Kayan Kawu suka shiga ɗakin baya na shagon. Sannu a hankali wasu suka fito gaba: rediyo, da tire na tagulla, da wani agogon tebur. Garmahon kuwa ya kwance shi ya sake masa robar da ke juya faifai, ya shafa masa mai, ya ɗora shi bisa kantar sama, don ya kasa barin sa cikin duhu. Sai kuma ya zama ya kasa kallon sa. Duk inda ya juya a shagon jan abin nan na bayansa. Yana zuba wa mutum madara, ya ɗaga kai, su haɗa ido da shi.

Cikin ɗaliban da ke wuni a shagon akwai wata Aya, mai karatu a jami'ar Bron, iyayenta 'yan asalin Aljeriya. Ita ta fara tambayar garmahon, ya ce ba na sayarwa ba ne. Bayan 'yan makonni ta sake tambaya, ta ce don kakanta take so, yana da fayafayai cike da kwali ba abin juya su. Ranar kuwa wayar Saint-Denis ta yi ruri tun da safe ya kife ta. Bai yi wani tunani ba, ya sauko da garmahon, ya naɗe mata shi da jarida, ya karɓi kuɗinta, ya riƙe mata ƙofa. Da ya dawo ya dubi gurbin da ya bari bisa kanta, sai ya ji wani sauƙi a ƙirjinsa, kuma wannan sauƙin ya fi komai ba shi kunya.

Sanyi ya yi nisa, wata Laraba Halimatou ta biyo shagon bayan ta tashi aiki. Wayar ta yi ƙara kusa da ita, ta duba, ta ɗauka ta gaisa, ta miƙa masa. Mutmainna ce, muryarta cike da murna. Ta ce Baba ya fara fitar da kalmomi, ɗaya-ɗaya. Matar da ke koya masa magana ta ce a kawo masa wani abin da yake so a da, ko zai taimaka. Shi kuma kwana biyun nan sai ya riƙa juya yatsa bisa bargo, zagaye-zagaye, yana cewa "ja, ja". Da fari ba ta gane ba, sai jiya abin ya faɗo mata.

"Garmahon nan na wajenka, ko, Yaya?"

"Yana nan," in ji Mu'awiya.

Maganar ta fita tun kafin ya tsayar da ita. Halimatou, wadda ta san an sayar, ta ci gaba da jera kofuna. Sai da mutum na ƙarshe ya fita ta ce masa abu biyu ne: ko ya kira Mutmainna ya gaya mata gaskiya, ko ya je ya nemo abin. Kowanne ya zaɓa kuma, jirgin Paris dai sai ya hau shi, don ita ta gaji da ganin wayar nan a kife.

Samun Aya bai yi wuya ba, washegari ta shigo da littattafanta. Ya yi mata bayani a taƙaice, yana kallon tebur. Ta ce ba komai, ya zo gidan kakan nata a unguwar Minguettes ranar Asabar ya ɗauka, ita za ta yi wa tsohon bayani kafin nan.

Ranar Asabar da hantsi ya rufe shago ya tafi. Dogayen benaye ne tsaye cikin iska, ya hau can sama. Tun daga baranda ya jiyo muryar garmahon, ya gane ta kamar yadda ake gane tarin ɗan'uwa a cikin taro. Aya ta buɗe ƙofa, ta yi ƙasa da murya ta ce ta kasa gaya wa kakan nata, ya yi haƙuri, yanzu za ta faɗa a gabansa.

Kakan nata tsoho ne ƙanƙane, ya yi aikin masana'anta har ƙarfinsa ya ƙare, idanunsa sun tafi, matarsa ta rasu. Yana zaune bakin taga da hula ta ulu, garmahon bisa ɗan tebur kusa da gwiwarsa, wata mata na waƙa da Larabci daga cikin faifan. Da aka ce masa mai shagon ne ya zo, sai ya miƙo hannu biyu ya kama na Mu'awiya ya ƙi saki. Ya sa aka kawo shayi. Ya ce tun da matarsa ta tafi bai san safiya da maraice ba sai da abin nan ya shigo gidan. Yanzu da kansa yake ɗora faifai, ya san inda allura ke sauka da yatsa. Ya shafa murfin har ya kai kan baƙin zagayen, ya ce ya daɗe da gano wannan tabon, kuma ya san na tukunyar kafe ne. Mai abin nan, in ji shi, mutum ne da ya san daɗin zama, da ma sun haɗu.

"Ya rasu ne?" ya tambaya.

"Yana da rai," in ji Mu'awiya.

Tsohon ya ɗan karkata kai. "To, me ya raba shi da shi?"

Aya ta buɗe baki za ta yi magana, Mu'awiya ya girgiza mata kai. Ya ce wa tsohon allurar ce ya zo dubawa, ya ji kamar ta fara cinyewa. Da ma yana da sabuwa a aljihu, wadda ya yi niyyar sawa kafin ya kai wa Kawu. Ya durƙusa ya sake ta, ya mai da faifan, ya shanye shayinsa. A bakin ƙofa Aya ta biyo shi tana cewa ba haka suka yi ba. Ya ce ta bar shi inda yake. Yana saukowa yana tunanin ko alheri ya yi, ko kuwa hanyar da ta fi sauƙi ya sake bi, bai sami amsa ba har ya kai ƙasa.

A ɗakin baya akwai wani garmahon irin wancan, kamfani ɗaya, sai dai shi toka-toka ne, murfinsa sumul. Ya gyara shi, ya ɗebo abin da ya rage na fayafayan Kawu, don wasu sun riga sun bi masu saye. Ranar Litinin, da shago ba ya buɗewa, ya hau jirgi. Daga tasha ya shiga metro mai zuwa Saint-Denis, a tsaye, akwatin tsakanin ƙafafunsa, yana jin sunayen tashoshin da Kawu ya sa shi haddacewa shekarun baya.

Mutmainna na jiran sa a ƙofar gidan tsofaffin. Ta kai shi wani ɗaki mai warin magani da miyar Turawa. Mutumin da ke zaune bakin gado ya kusa rabin wanda ya sani. Hannun dama a naɗe bisa cinya, baki ya ɗan ja gefe, an sa masa hula amma ba yadda yake kafa ta ba. Mu'awiya ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya fara gaisuwa tun daga farko, ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya sanyi. Kawu na kallon sa kawai, ido cikin ido, ba fushi, ba mamaki, kamar wanda ya aike shi kanti ya ɗan daɗe.

Ya ɗora garmahon bisa teburin gado ya buɗe. Kawu ya miƙa hannun hagu ya shafa murfin, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, ya koma ya sake shafawa. Sannan ya ɗauke hannun ya mai da bisa cinya. Bai ce ja ba. Mu'awiya ya sa faifai, kiɗan ya tashi ƙasa-ƙasa, wata ma'aikaciya ta leƙo ta yi murmushi ta wuce. Tsohon ya saurara har faifan ya kai rabi, amma ba garmahon yake kallo ba. Can ya yi ta kokawa da bakinsa, har kalma ta fito.

"Ka... ci?"

Mu'awiya ya ce ya ci a jirgi. Kawu bai yarda ba. Ya tura masa ɗan kofin nonon da aka ajiye masa tun rana, da cokalin roba, ya tsare shi da ido. Haka Mu'awiya ya zauna a ƙasa, mutum mai furfura, yana shan nonon majinyaci.

A baranda, da za ta raka shi, Mutmainna ta tsaya kusa da taga ta harɗe hannuwa.

"Ba shi ba ne, Yaya."

"Ba shi ba ne."

Ya jira ta tambayi inda wancan yake, ba ta tambaya ba. Ta ce ita garmaho bai dame ta ba, ja ko baƙi. Abin da ke ranta shi ne lokacin da aka sallamo Baba daga asibiti, kafin a sami wannan wurin, ita kaɗai ta riƙa ɗaga shi tana kai shi bayi, ita da take 'yarsa mace, yana kau da kai don kunya. Ta ce lokacin ta kira Mu'awiya ya fi a ƙirga. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Da ta gama ta duba wayarta ta ce in bai yi sauri ba jirgin maraice zai wuce shi.

Daga ranar, duk Litinin Mu'awiya na Saint-Denis. Ya koyi yi wa Kawu aski, da yanke masa farce, da kafa masa hula yadda yake so. Yakan zo da kafe cikin 'yar gora, ya ɗan tsoma masa a leɓe in ma'aikata ba su kallo. Wani zuwan su sa faifai, wani zuwan tsohon ya girgiza kai su zauna shiru. Maganar ba ta dawo sosai ba, ba ta wuce 'yan kalmomi ba. Ko sau ɗaya bai sake neman jan garmahon ba, kuma Mu'awiya bai taɓa sanin ko ya manta ne, ko ya bar masa ne.

Kawu ya rasu da bazara, wata Alhamis, Mu'awiya na Lyon yana niƙa kafe. Ƙungiyar 'yan Nijar ta tsaya aka yi komai, aka yi masa sutura a nan Faransa, kusa da Hajiya Mariama. A zaman makoki, gidan Mutmainna ya cika da tsofaffin abokan kasuwancinsa. Wani Alhaji daga cikinsu ya dafa kafaɗar Mu'awiya ya ce wa jama'a su dubi ɗan halak: duk mako tun daga Lyon, bai taɓa fashi ba, a zamanin da 'ya'yan cikin mutum ma ba su yi. Aka yi ta sa masa albarka. Mutmainna na bakin ƙofar kicin da tire a hannu. Ta ji, ta shigo ta ajiye ruwa gaban baƙi, ta ajiye gabansa shi ma, ta koma. Shi dai kansa na ƙasa, yana amsa amin da muryar da shi kaɗai ke jin ta.

Bayan addu'ar bakwai ya koma Lyon. Garmahon toka-tokan ya bar wa gidan tsofaffin, an ce suna sa shi a falo ranar Lahadi. Mutmainna takan kira shi yanzu jefi-jefi, su gaisa, ta ba shi yaran su ce masa Tonton, wato kawu. Da hutun rani ta ce wataƙila ta kawo su su ga Lyon, ba ta dai sa rana ba tukuna. Halimatou ta riga ta sayi katifa ta jingine a bayan ƙofa.